YADDA AKE MAI DA RUWA GARI: LABARIN HASUMIYAR FESHI

Kowane mai shayi a bakin kasuwa yana da gwangwanin madarar gari a kan teburinsa. Sai ya ɗebi cokali biyu ya zuba a kofi, ya kwarara ruwan zafi, ya dama, kafin ka gyara zama gari ya ɓace, madara ta dawo. Mu da muke sha kowace safiya ba mu cika tsayawa mu tambayi kanmu ba, shin ta wace hanya aka raba madarar saniya da ruwanta har ta zama gari, ga shi ba ta ƙone ba, ba ta yi tsami ba, tana kuwa iya yin wata da watanni a rufe, alhali wadda aka tatso da asuba in ba a dafa ta ba kafin la'asar ta juya?

Amsar wannan tambaya muke so mu kawo wa masu karatu yau, musamman malaman makaranta da akawuna, domin hikimar da ke cikinta ta wuce batun madara. Da ita ake yin garin kofi da garin sabulu, da wani irin takin zamani, har da magungunan da ake shaƙa su shiga huhu. Akwai kuma rabonmu a ciki, gama ɗaya daga cikin muhimman kayan wannan aiki daga dazuzzukanmu yake fita.

HIKIMAR MAI KILISHI

Tushen dabarar ba baƙo ba ne a wurinmu. Mai kilishi ba ya shanya tsoka dunƙule guda, don ya san kafin rana ta kai ga cikinta ta riga ta ruɓe. Sai ya fere ta ta zama falle-falle kamar takarda, ya shimfiɗa, iska da rana su taɓa ta ko'ina, ta bushe a yini ɗaya. Haka mace take baza wanki a kan igiya maimakon ta bar shi cukwikwiye a cikin kwano. Watau ruwa ba ya fita daga abu sai ta wurin da iska ta taɓa, kuma gwargwadon faɗin wannan wuri gwargwadon saurin bushewa.

To, masana sai suka ce, in haka ne, me zai hana a yi wa ruwa kansa irin yankan kilishi? Ruwa ba ya yankuwa da wuƙa, amma yana fasuwa ya zama ɗigo-ɗigo in an fesa shi.

Ga lissafin da kowane malami zai iya yi da almajiransa a kan allo. A ɗauki madara lita ɗaya a cikin akwati mai santimita 10 tsawo, 10 faɗi, 10 zurfi. Fuskokinsa shida in an haɗa su sun ba da murabba'in santimita 600, watau abin da bai kai faɗin shafin wannan jarida ba. Yanzu a raba kowane gefe kashi dubu, ya zama kowane gutsure faɗinsa kashi ɗaya cikin goma na milimita ne. Za a sami gutsattsari miliyan dubu, fuskokinsu kuwa in an haɗa sun kai murabba'in mita 60, misalin daɓen aji mai mita 6 da mita 10. Madarar ba ta ƙaru ko da cokali ɗaya ba, amma wurin da iska za ta taɓa ya riɓanya sau dubu. Shi ya sa abin da zai yi sa'o'i yana tafasa a tukunya kafin ya ƙafe, in an fesa shi cikin iska mai zafi sai ya bushe a 'yan daƙiƙoƙi.

Ma'aunin da ake auna irin waɗannan ƙwayoyi da shi sunansa maikiron, shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin silin gashin mutum yakan kama daga maikiron 50 zuwa 100. Abin da ya gaza wannan sosai ido ba ya rarrabe shi, sai an sa madubin likita.

ABIN DA KE FARUWA A CIKIN HASUMIYA

Bari mu bi madara daga ƙofar masana'anta. Madarar saniya kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ce, sauran kashi 13 su ne maiƙo da furotin da sukarinta da gishirinta. Da farko ana zafafa ta don a kashe ƙwayoyin cuta. Sa'an nan a tura ta cikin waɗansu bututai da aka zuƙe iskar cikinsu, domin inda iska ta yi ƙaranci ruwa yakan tafasa tun zafinsa bai kai digiri 100 ba. A nan ake rage yawancin ruwan, har madarar ta yi kauri, kusan rabinta ya zama abinci zalla. Ana yin haka ne don cire ruwa ta wannan hanya ya fi arha ƙwarai a kan cire shi a hasumiya.

Daga nan famfo yake ɗaukar ta zuwa ƙolin hasumiyar. Ita hasumiyar wani ƙaton rumbu ne na ƙarfe marar tsatsa, tsawonsa ya kai na bene mai hawa da yawa, gindinsa kuwa ya tsuke kamar mazurari. A can sama ake fesa madarar ta zama kamar hazo, a kuma busa mata iskar da aka tace, mai zafin digiri 180 zuwa 200. Kowane ɗigo yana saukowa ruwansa yana tashi tururi, kafin ya kai ƙasa ya zama ƙwayar gari. Masu nauyi su gangara ta mazurari. Marasa nauyi kuwa iska takan tafi da su, sai a bi da ita ta cikin wani gwangwani inda take juyawa kamar guguwa, juyin ya wurga garin jikin bango ya zubo, iskar ta fice ta sama. Damshin da ya rage a garin bai wuce kashi 3 ko 4 cikin 100 ba, ƙwayoyin da ke sa ruɓa kuwa ba su iya hayayyafa a wuri busasshe haka. Lita 100 ta madara takan ba da gari kilo 12 zuwa 13.

Mai karatu zai ce, iskar da ta ninka zafin tafasasshen ruwa, yaya ba ta ƙone madarar ba? Amsar tana jikin randa. Kowa ya san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi, dalili kuwa shi ne randa tana tsatsafo, ruwan da ya tsatso yana bushewa, kuma ruwa ba ya tashi tururi sai ya kwashi zafi daga jikin abin da ya bari. Haka ɗigon madara yake. Muddin ruwa yana fita daga jikinsa, zafinsa bai cika wuce digiri 50 ba, kome zafin iskar da ke kewaye da shi. Kafin ruwan ya ƙare kuwa iskar ta riga ta huce, don takan fita daga hasumiya da zafin digiri 70 zuwa 90. Wannan ne ya sa ake iya busar da abubuwan da wuta ke lalatawa, kamar ƙwai da magunguna, ta wannan hanya.

HANYOYIN FASA RUWA

Duk wanda ya taɓa tsiyayar da ruwa daga buta ya ga zaren ruwan yana fitowa a miƙe, sa'an nan can ƙasa ya tsittsinke ya zama ɗigo. Wani masani a Ingila, Lord Rayleigh, shi ya yi lissafin wannan al'amari a 1878. Ruwa yana da halin tattare jikinsa, kamar an lulluɓe shi da wata 'yar fata mai ɗamewa, don haka kowane ɗigo da ya sami kansa cikin iska sai ya dunƙule ya zama kamar ƙwallo. Shi ya sa garin da aka yi da feshi, in an duba shi a madubin likita, za a ga ƙwayoyinsa kewayayyu, ba kamar garin turmi ko na injin niƙa ba, wanda ƙwayoyinsa fasassu ne masu kaifi.

Hanyoyin feshi da aka fi amfani da su uku ne. Ta farko, a matsa ruwan da famfo mai ƙarfi ya fita ta wata 'yar ƙaramar kafa yana murɗawa, kamar dai yadda manomi yake fesa maganin ƙwari, sai dai matsin ya ninka nasa sau da yawa. Ta biyu, a zuba ruwan a tsakiyar wani faifan ƙarfe da ke juyawa sau dubu goma ko fiye a minti ɗaya, juyin ya watsa shi ta gefe. Ta uku, a haɗa zaren ruwan da iska mai gudu ta yayyaga shi, kamar kwalbar fesa turare. Wannan ita ake so a ɗakunan bincike da wajen haɗa magani, don tana ba da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai.

Bayan waɗannan akwai waɗansu na ƙwararru. Akwai bakin feshi mai kaɗawa da saurin da kunne ba ya ji, wanda ke fid da ɗigo masu girma kusan ɗaya. Akwai kuma feshi da lantarki, inda ake sa wa bakin allura wuta mai ƙarfi, ruwan ya tsuke ya yi tsini, daga tsinin ɗigo su riƙa fita waɗanda ko maikiron ɗaya ba su kai ba. Sir Geoffrey Taylor ya bayyana siffar wannan tsini a 1964, wani Ba'amurke kuma, John Fenn, ya sami lambar Nobel a 2002 saboda ya yi amfani da irin wannan feshi wajen auna nauyin ƙwayoyin furotin.

WAƊANDA SUKA SHARE HANYA

Son adana madara tsoho ne. Marco Polo, matafiyin nan na Italiya, ya ba da labari tun ƙarni na 13 cewa mayaƙan Mongol suna shanya madara a rana su yi guzuri da ita. Amma busarwa ta hanyar feshi, wani Ba'amurke ne mai suna Samuel Percy ya fara yi mata rajista a 1872. Dabararsa ta daɗe a takarda, don injunan zamaninsa ba su kai ba. Sai a farkon ƙarni na 20 kamfanin Merrell-Soule na garin Syracuse a Amurka ya fara sayar da madarar da aka busar ta haka. A 1933 wani injiniya a Danmak, Johan Ernst Nyrop, ya kafa kamfanin Niro, wanda ya shahara da injin mai faifai.

Kofi ya biyo baya ta dalilin asara. Bayan karyewar kasuwannin duniya a 1929, kofi ya yi kwantai a Barazil har gwamnati ta riƙa ƙona shi buhu-buhu. Aka nemi kamfanin Nestlé ya samo hanyar adana shi, wani masaninsa mai suna Max Morgenthaler ya yi shekaru yana gwaji, a 1938 aka fito da Nescafé a Suwizalan. Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, shi ya ƙara wa sana'ar ƙarfi, gama jiragen ruwa sun yi ƙaranci, ba wanda yake so ya cika jirgi da ruwan madara ko na ƙwai alhali ana iya aika garinsu. Daga nan hasumiyoyi suka yi ta girma. Wadda aka buɗe a Darfield ta ƙasar Niyu Zilan a 2013 an gina ta ne don ta fid da tan 30 na gari a sa'a ɗaya.

KOWANE AIKI DA GIRMAN ƘWAYARSA

Gwanintar mai wannan aiki tana wajen sarrafa girman ƙwaya da siffarta. Yana iya sauya su ta wajen ƙara matsin famfo, ko saurin faifai, ko kaurin ruwan, ko zafin iska. In iska ta yi zafi ƙwarai, bayan ɗigon yakan yi ɓawo tun cikinsa bai bushe ba, tururi ya kumbura shi, ƙwayar ta fito da rami a ciki kamar ƙwarya. Irin wannan ake so a garin sabulun wanki, shi ya sa za ka ga kwalinsa babba amma ba nauyi, kuma yana narkewa nan da nan.

Madarar gari ta farko tana da wani aibi. Ƙwayoyinta sun yi ƙanƙanta ainun, in an zuba a ruwa sai su yi gudaji, waje jiƙe ciki bushe, kamar yadda garin kuka yake yi wa wadda ba ta iya kaɗa miya ba. A shekarun 1950 aka gano maganin abin: a ɗan jiƙa ƙwayoyin su manne wa juna su zama curi-curi masu ƙofofi, sa'an nan a sake busarwa. Ruwa sai ya ratsa ta ƙofofin ya narkar da su.

A wajen magani kuwa girman ƙwaya batu ne na rai da lafiya. Ƙurar da ta wuce maikiron 10 yawanci a hanci da maƙogwaro take maƙalewa. Wadda ke tsakanin maikiron 1 da 5 ita ce ke kutsawa can cikin huhu. Saboda haka mai haɗa maganin shaƙa dole ne ya fid da ƙwayoyinsa daidai wannan awo, in ba haka ba magani ya tsaya a hanya, mai ciwo yana tsammanin ya sha. A 2006 aka yarda da wani garin insulin da aka yi da feshi, mai suna Exubera, don masu ciwon sukari su shaƙa maimakon allura. Maganin yana aiki, amma abin shaƙar ya yi girma, ga tsada, mutane ba su karɓa ba, a 2007 kamfanin Pfizer ya daina sayar da shi. Ashe ko an ci nasara a ɗakin bincike, saura ta kasuwa.

ƘARO, MARUFIN DA IDO BA YA GANI

Yanzu mun zo inda labarin ya taɓo gida. Akwai abubuwan da in an bar su a sarari iska takan lalata su ko ƙanshinsu ya gudu, kamar man ɓawon lemo da sinadarin bitamin A. Dabarar da ake yi ita ce a ƙunshe su. Sai a narkar da wani abu mai danƙo a ruwa, a zuba man a ciki, a kaɗa da inji har ya farfashe ya zama ɗigo-ɗigo masu kamar maikiron ɗaya, sa'an nan a fesa a hasumiya. Ruwa ya tashi, danƙon ya daskare ya rufe man a ciki. Kowace ƙwayar gari ta zama 'yar ƙaramar kwalba, ba ta buɗewa sai ta sake haɗuwa da ruwa. Garin lemon da yara ke damawa su sha ta haka ƙanshinsa yake zama a cikin leda har a buɗe. Bitamin A da ake sa wa sukari da fulawa, wanda dokar Nijeriya ta wajabta tun 2002, shi ma a ƙunshe yake zuwa cikin irin waɗannan ƙwayoyi.

Cikin abubuwan da ake yin wannan marufi da su, ƙaro yana sahun gaba, don yana narkewa da yawa a ruwa ba tare da ya yi kauri ainun ba, yana kuma hana mai da ruwa rabuwa. Ƙaron nan kuwa shi ne dai wanda almajiri yake sa wa tawada don ta kama allo, wanda ake tsaga jikin dakwara da rani a bar shi ya tsatso ya daskare. Sudan ce babbar mai fid da shi a duniya, musamman lardin Kordofan, sai Cadi da Nijeriya, inda ake samunsa a Borno da Yobe da Jigawa. Darajarsa ta kai ga cewa bayan Amurka ta sa wa Sudan takunkumin ciniki a 1997, sai ta bar wa ƙaro ƙofa, don masana'antunta ba su da madadinsa. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 kuwa ya tayar da hankalin masu sayensa a ko'ina.

Abin dubawa shi ne, mafi yawan ƙaron nan ɗanye yake barin Afirka, a cikin buhuna. Faransa ce kan gaba wajen sayensa. A can ake narkar da shi, a tace ɓawo da yashi, a kashe ƙwayoyin cuta, a fesa shi a hasumiya ya zama farin gari, sa'an nan a sayar wa duniya da tsadar da ta fi ta ɗanye nesa. Wanda ya sha ƙaya da rana a daji ya sami nasa, amma babbar riba tana hannun mai hasumiya.

FESHI CIKIN SANYI

Ba kullum ne ake bukatar iska mai zafi ba. In abin da za a fesa narkakke ne, sanyi ake nema ya daskarar da shi. A 1782 wani mai gyaran famfo a birnin Biristol na Ingila, William Watts, ya yi rajistar wata hanya ta yin harsashin bindigar farauta: a narkar da dalma a ƙolin hasumiya, a zuba ta cikin rariya, ɗigon su dunƙule a iska su faɗa cikin ruwa a ƙasa. Irin wannan hanya ake bi wajen yin wani nau'in takin yuriya, fararen ƙwayoyin nan masu kama da gero da manomanmu suka sani. Narkakken taki ake yayyafawa daga sama, iska mai sanyi tana hawowa daga ƙasa tana tarye shi.

Har ƙarfe ana fesawa. A narkar da shi, a tsiyaye shi siriri, a buga masa iskar gas mai gudu ta watsa shi, ya daskare ya zama gari mai laushi. Da irin wannan gari injunan zamani suke gina kayan jirgin sama da ƙashin roƙo na marasa lafiya, shimfiɗa bisa shimfiɗa, haske mai ƙarfi yana narkar da inda ake so. Magungunan da ba su jure zafi ko kaɗan kuwa, akan fesa su cikin ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, su ƙanƙare nan take, sa'an nan a zuƙe ƙanƙarar a hankali.

DARASIN GARIN ANAND

Matsalar makiyayi ɗaya ce a ko'ina. Da damina nono ya yi yawa har ya rasa mai saye, da rani kuwa a neme shi a rasa. Makiyayan gundumar Kaira a Indiya sun sha irin wannan. A 1946 suka kafa jam'iyyar gama kai a garin Anand, ƙarƙashin jagorancin Tribhuvandas Patel, don su kuɓuta daga 'yan kwangilar da ke saye a wulaƙance. Suna aika madara birnin Bombay, amma in lokacin yalwa ya zo birnin ba ya iya ɗauke ta duka. Mafita ita ce a mai da rarar gari. Sai dai madararsu ta ɓaunar gida ce, mai maiƙo da yawa, ƙwararrun ƙasashen waje kuwa suka ce ba ta yin gari.

Manajan jam'iyyar, Verghese Kurien, da abokinsa H. M. Dalaya, masanin sarrafa madara, ba su yarda ba. Suka yi ta gwaji har abin ya yiwu. A watan Oktoba na 1955 Firayim Minista Nehru ya buɗe masana'antarsu, wadda hukumar UNICEF ta taimaka da injunanta. Kayansu su ne ake sayarwa da sunan Amul. A 1970 gwamnati ta fara yaɗa wannan tsari a faɗin ƙasa, kafin ƙarshen shekarun 1990 Indiya ta zama ta ɗaya a duniya wajen yawan madara.

A lura da yadda suka jera aikin. Tara madara suka fara yi, ƙauye-ƙauye, safe da yamma, ana aunawa ana biyan kowa gwargwadon maiƙon madararsa, yawancin masu kawowa kuwa ba su fi dabba ɗaya ko biyu ba. Da yayyafi kogi kan cika. Hasumiya daga baya ta zo. Wannan ya kamata mu riƙe, domin hasumiya tana cin wuta da mai ƙwarai, tana bukatar ruwa mai tsabta da madara mai yawa kowace rana, saniyarmu kuwa a kiwon gargajiya ba ta cika wuce lita biyu a yini ba. Duk wanda ya gina hasumiya kafin ya gyara hanyar ruga da wurin sanyaya madara, ya gina rumbu ne kafin ya yi shuka.

HATTARA

Ba za mu rufe ba sai mun ja kunne a kan abu uku. Na ɗaya, gari ba ya nuna abin da ke cikinsa. A 2008 a ƙasar Sin aka kama masu zuba wani sinadari mai suna melamin a madara don a ga kamar furotin ɗinta ya cika. Jarirai wajen 300,000 suka kamu da ciwo, aƙalla shida suka rasu. Da yawa kuma daga garin da ake sayarwa a ƙananan ledoji a Afirka ta Yamma an cire masa man shanunsa an maye da man ja tatacce. Ba guba ba ne, amma ba cikakkiyar madara ba ce, ya kamata mai saye ya karanta abin da aka rubuta a jikin leda.

Na biyu, gari ba ya fin ruwan da aka dama shi da shi tsabta. Tun a 1939 Dokta Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da yanzu ake kira Gana, ta yi kashedi a kan shayar da jarirai madarar gwangwani, a 1981 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idojin tallar irin wannan abinci. Nonon uwa ba shi da na biyu. In larura ta sa dole a ba jariri madarar gari ta jarirai, hukumar ta ce a tafasa ruwa, a dama tun zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, a bari ya huce kafin a ba shi. Madarar shayi kuwa ba abincin jariri ba ce.

Na uku ya shafi masu aiki a masana'anta. Faɗin fuskar nan da ke sa ɗigo ya bushe da sauri shi ne ke sa ƙurar madara ko ta sukari, in ta cika ɗaki ta gamu da tartsatsi, ta kama wuta gaba ɗaya ta fashe. Shi ya sa ake yi wa hasumiyoyi ƙofofin da ke ɓallewa da kansu in matsi ya yi yawa.

Roƙonmu ga malamai shi ne su kai lissafin nan na lita ɗaya aji, su jiƙa tsumma biyu, ɗaya a cukwikwiye ɗaya a baje, yara su gani da idonsu wanda zai riga bushewa. Akawuna da ke riƙe da littattafan kasuwa da na jam'iyyun manoma kuwa, su riƙa rubuta yawan nono da ƙaron da ke fita daga yankunansu da kuɗin da ake saye, wata-wata, domin ba a shirya babban aiki sai da ƙididdiga. Mutanen Anand da ma'auni da littafi suka fara. Allah ya sa mu ga ranar da ƙaron Yobe da nonon rugagenmu za su zama gari a hannun 'ya'yanmu, amin.